Yatsu Uku da Injin Casa Ya Bar Min

Salamu alaikum. Shekara kusan arba'in ana tambayata abin da ya sami hannuna, ina cewa ƙaddara. Yau zan faɗa. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana sa muku a waya.

Lokacin da aka dage da noman alkama a Kura, maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu. Na shiga aikin shiƙa a gonar wani kamfani, gefen injin casa.

Akawu ya ce biya iri biyu ne. Ko ka karɓi ladanka cif, in ka ji ciwo naka ne, ko ka dangwala a takardar inshora a riƙa cire sule biyar daga ladanka kullum. Na dangwala. Ƙawata Talatu ta ce, "Ke Hajara, ciwo kike saye tun bai zo ba?"

Ya kuwa zo. Bel ɗin da ke juya injin ya kama bakin gyalena, na kai hannu in fizge. Ban ji zafi ba, ƙara na ji.

Asibitin birni aka kai ni. Hoto, allura, ƙarin jini. Kwana tara hannun ya fara wari. Likita ya ce, "Baiwar Allah, in bai saɓe ba zuwa Juma'a, daga wuyan hannu za mu yanke." Na ce, "Likita, da shi nake ciyar da marayu." Ranar na ji tsoro.

Wankin ciwo safe da yamma, ina cizon zani. Alhamis kumburi ya sauka. Yatsu biyu suka tafi har da babban, hannun ya tsaya.

Ko akuya ban sayar ba, inshora ta biya komai. Ranar karɓar diyya akawu ya miƙo tawada in dangwala, ya kalli hannuna ya kau da kai. Na ce, "Kawo, akwai na hagu."

Masu inshora suka ce ba sa ƙara biyan kowa sai an rufe bel ɗin. Aka rufe shi da ƙarfe, har na bar wurin bai sake cin kowa ba. Talatu ma ta dangwala, tana mita.

Da diyyar na kama gona a bakin ruwa wajen Bunkure. Tumatir ya ciyar da yaran nan har suka girma.

Alhamdulillahi. Likitan nan da masu jinya, Allah ya saka musu.

Ku masu aikin inji, kafin ku fara ku tambayi wa zai biya in kun ji ciwo. Mata ku ɗaure gyale a ƙugu. In inji ya kama, ku sakar masa. Gyale akwai shi a kasuwa.