Furen Gishiri a Bayan Maƙabarta

Tsuyako ta zo ƙauyenmu na bakin teku, a kudancin tsibirin Shikoku, tana amarya mai shekara ashirin da uku. Daga cikin duwatsu aka ɗauko ta, ko fiɗar kifi ba ta iya ba. Mijinta Shigeharu masunci ne marar surutu. Da sanyi ya fara shigowa, ya hau da ita dutsen da ke bayan maƙabarta, ya nuna mata shiogiku, furen gishiri: 'yan ƙananan ƙullaye rawaya kamar maɓallan riga, babu fararen ganyayyakin nan da ke kewaye furen lambu. A wancan zamanin furen ya rufe dutsen har bakin ruwa. Ta ce masa ai wannan fure bai gama sa kaya ba. Ya yi dariya, ya ce daga cikin jirgi da shi yake gane ya iso gida.

Shekara arba'in da ɗaya suka yi tare. Da ya rasu, sai hawan dutse ya zama aikinta, da bokitin ruwa da turare da fure, domin a nan ba a barin kabari babu fure. Da gwiwoyinta suka fara ciwo, ta ga ya fi sauƙi ta dasa furen a gefen kabarin kawai. Ta ciro irin furen lambu da surukarta ta bari a bayan gida, manya farare, ta dasa. Suka yi kyau har sauran matan da mazansu suka rasu suka zo roƙon iri.

Bayan wasu shekaru furen gishiri ya fara fitar da fararen ganyayyaki a gefe. Tsuyako ta ji daɗi ƙwarai. A ranta ta ɗauka Shigeharu ne ke gode mata.

Sai wata malamar tsirrai mai suna Nonami ta zo daga birni. Tsuyako ta tarar da ita a durƙushe kan dutsen, fuska ba walwala. Malamar ta bayyana mata cewa ƙudan zuma na ɗaukar garin furen lambu su kai wa na daji. Abin da ke tsirowa ruwa-biyu ne, ya fi tsayi, ya fi ƙarfi, yana danne na asali. In aka bar shi haka, nan da 'yan shekaru na asalin zai ƙare a dutsen.

"Iya, ko kin san wanda ya dasa waɗancan fararen na maƙabarta?"

Tsuyako ta kalli kabarin. "Ni ce, 'yar nan."

Kwana uku ba ta hau ba. A na huɗu ta ɗauki fartanya da buhu. Fumie, ƙanwar marigayin, ta biyo ta tana haki.

"Matar yaya, tsirara za ki bar min yayana a gaban maƙwabta?"

"Yayan naki da ya shekara arba'in a jirgi da ɗan kamfai? Yau zai fara jin kunya?"

Fumie ta yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske, don furen na mahaifiyarta ne. Duk da haka ita ta riƙe buhun.

Daga ranar, koren reshen shikimi, itacen da ake kai wa matattu, Tsuyako ke kai wa kabarin. Ta bi gidajen da ta ba iri. Mata uku suka cire nasu, biyu suka ƙi, ɗaya ma ta daina gaishe ta. Kowace shekara in fure ya buɗe, tana rarrafe a kan dutsen tana tumɓuke duk mai fari, har da waɗanda ta taɓa murna da su. Ba ta ci ƙarfinsu duka ba. Na asalin da ya rage bai fi faɗin tabarma biyu ba, a gefen da iskar teku ke bugawa.

A shekarunta na ƙarshe ƙafa ta ƙi hawa, mu jikokinta muka gaji aikin. Tana zaune a ƙofar gida da bargo a cinya, in mun sauko ta tambaya ko akwai fari. In muka ce babu, sai ta ce mu sha shayi tukuna, mu koma mu duba da kyau.