Jawabin da Ya Maƙale a Allon Oga

A shekarun da kuɗin mai ke shigowa kamar ba za su ƙare ba, ina aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya a Abuja, mai kula da harkar manoma. Aikina rubuta wa shugaban hukumar jawabi. Oga muke ce masa, a gabansa kuma ranka ya daɗe. Ya je wani kwas ƙasar waje ya dawo da ƙaramar kwamfutar hannu mai faɗin faranti, da sabuwar doka: shi da karanta jawabi a takarda har abada. Takarda, in ji shi, kayan mutanen da ne. Mu a ofis allo muke kiran abin.

Yadda aka tsara, akwai folda ɗaya da kwamfutar teburina da allon oga suke tarayya a kanta ta intanet. In na ajiye jawabi a nan, sai ya bayyana a can. In na gyara kalma a nan, ta gyaru a can. Idan komai ya tafi daidai, 'yar alama kore ce ke fitowa a gefen fayil. Idan bai tafi ba, wani ɗan zobe ne zai yi ta juyawa yana kallonki kina kallonsa.

Akwai wani dattijo, shugaban ƙungiyar manoman wani ƙauye da ke gaba da Paikon Kore, wanda ya yi shekara da shekaru yana zarya ofishinmu a kan injin casar shinkafa da aka yi musu alkawari. Ya hau mota tun da sassafe, ya zo ya zauna a bencin ƙofar ofishina, hularsa a gwiwa, har a tashi. Bai taɓa ganin oga ba, oga ma bai taɓa ganinsa ba, domin tsakanin bencin da ofishin oga akwai ƙofa uku da sakatariya mai fuskar shanu. 'Yata yake ce mini, ni kuma in ce Baba. Da aka rasa filin da za a kafa injin, nasa ya bayar, wanda ke jikin dangar gidansa.

Daga ƙarshe dai aka kafa injin, aka sa ranar buɗewa. Na rubuta jawabin da wuri, da Hausa, tunda ita ce kowa zai ji a wurin. A tsakiya na sa sakin layi guda da na fi so: oga zai kira Baba da sunansa, ya ce ya taso jama'a su gan shi, ya zo su yanke ƙyallen tare. Jawabin ya sauka a allo lafiya lau, oga ya duba ya ce ya yi.

Ana saura kwanaki kaɗan babban ɗan Baba ya kira ni a waya. Baba ya rasu, har an kai shi. Ya ce sun shawarta kada a ɗaga taron. Innarsu tana takaba, ba za ta fito ba, amma za su shimfiɗa mata tabarma a bayan danga ta ji abin da gwamnati za ta ce a kan mijinta ta lasifika. Na yi masa ta'aziyya, na ajiye waya, na buɗe jawabin na cire kiran, na sa addu'a da 'yan kalmomi a kan bencin nan da filin da ya bayar. Alama kore ta fito a kwamfutata. Na bi layin motar Kubwa na tafi gida.

Ana gobe taro na ce bari in tabbatar. Allon ba ya barin hannun mutum ɗaya, mataimakin oga na musamman, wanda a bayan idonsa muke kira mai jaka. Na roƙe shi ya buɗe mini. Ga jawabi nan, tsohon, da Baba a raye a ciki ana ce masa ya taso. A gefe kuma zobe na juyawa.

"Ba ya sauka," na ce.

"Zai sauka, Madam. Kullum yana sauka."

Ya ba ni aron allon, amma ya ja kujera ya zauna a gabana kamar an ba shi gadin jariri. Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, na kashe na kunna. Zobe. Na duba intanet ɗin ofis, ashe tun safe ya mutu, ba wanda ya lura saboda kowa da wayarsa yake hira. Na kunna datar wayata na jona allon da ita. Zoben ya ƙara sauri kamar abin kirki, ya ci mini data, bai sauke komai ba. Na duba ko asusun da ke kan allon daban ne da na kwamfutata, ɗaya ne. Na duba kwanan wata da agogo, don an taɓa gaya mini in sun saɓa abin yakan rikice, daidai suke. Na ce to in gyara jawabin a kan allon da yatsana mana. Manhajar ta karatu ce kawai, ba ta karɓar gyara. Na aika ta imel, mai jaka ya ce oga bai taɓa buɗe imel a allon ba, lambar sirrin tana wajen ɗansa da ke karatu a waje.

Saura kebul. Na jona allon da kwamfutata, kwamfutar ta ce sai an saka mata wani abu tukuna, saka shi kuma sai da izinin shugaban sashen kwamfuta. Shi ma ya tafi kwas. A shekarun nan, wallahi, in kika nemi mutum ba ki same shi ba, kada ki tambaya, kwas ya tafi.

Sai wajen la'asar na gano ciwon. Na shiga cikin manhajar, wurin da take nuna abin da ke jiran tafiya, na tarar da layi. An yi bikin 'yar oga a watan, wani mai hikima ya zuba bidiyon bikin kaf a cikin foldar jawabai, tun daga kamu har kai amarya. Allon yana ta fama ya tura su sama, wato intanet, ɗaya bayan ɗaya, ɗan jawabina da bai kai nauyin hoto guda ba yana can ƙarshe. Kamar layin motar Kubwa ne da yamma, ba ruwan kwandasta da cewa ke ba ki da kaya.

Na nuna wa mai jaka. Na ce a cire bidiyon daga foldar, jawabi ya sauka, a mayar.

"In an cire, za su dawo?"

Gaskiya ban sani ba. Abin da na sani shi ne a irin wannan folda, abin da aka goge a gefe ɗaya yakan ɓace a ko'ina, waɗannan kuma ba su ma kai sama ba balle a ce akwai kwafi. Na gaya masa haka.

"To Madam, bikin 'yar oga kike so in taɓa? Ni da iyalina?" Ya karɓe allon ya goge fuskarsa da hannun riga. "A bar shi a kan caji a gidan oga, akwai intanet mai ƙarfi. Kafin safe ya gama."

Raina ya ɓaci, na kuma faɗa masa. Na ce mutum ya mutu, matarsa za ta saurara, kai kana maganar rawar kamu. Ya ce ya ji, Allah ya jiƙan musulmi, shi da bakinsa zai sanar da oga. Na buga sabon jawabin a takarda, kwafi biyu, na ba shi ɗaya. Ya ninke shi huɗu ya tura a aljihu yana waige-waige, kamar na miƙa masa abin kunya.

Ban tsaya a kansa ba. Da oga ya fito zai tafi gida na tare shi a baranda, abin da ƙaramar ma'aikaciya ba ta yi. Waya na kunnensa.

"Ranka ya daɗe, game da jawabin gobe, dattijon nan..."

"Na gani, na gani, ya yi kyau ƙwarai," ya ce, ya ɗaga mini babban yatsa, ya shige lif, ƙofarta ta rufe.

Da safe zoben na nan yana juyawa. An ɗauke wuta a unguwar oga, mai gadi ya tada janareto amma ba wanda ya tuna da akwatin intanet. Mai jaka ya ce ba komai, a mota zai gaya masa. Sai ga wani babban baƙo ya zo rakiya, oga ya ja shi motarsa, aka tura mai jaka motar baya, ni kuma bas ɗin ma'aikata. Duk hanyar Gwagwalada ina kiran wayar oga tana hannun ɗan sandan da ke gaba, yana ce mini oga na magana.

Mun makara sosai. Kafin mu isa har an buɗe taro an yi wa Baba addu'a, jama'a sun gaji da rana, hadari kuma ya taso. Ana buɗe wa oga ƙofa mai gabatarwa ya miƙa masa makirfo. Na hango mai jaka ya matsa, hannunsa ɗaya a aljihun da takardar take. Oga ya miƙo hannu ba tare da ya dube shi ba. Mai jaka ya ba shi allon.

Ina tsaye a gefen rumfa. Na san jawabin kalma da kalma, na san nisan da ya rage. Wai ina iya ratsa manyan baƙi in hau dandamali in karɓe makirfo a hannun shugaban hukumar tarayya, haka mutane suke ce mini in na ba da labarin. Waɗanda suke faɗa ba su taɓa aikin gwamnati ba.

Oga ya iya karatu, ba a raina shi a nan. Ya kira sunan Baba da murya mai daɗi, ya ce ya taso jama'a su gan shi. Ya ɗaga kai yana murmushi yana duba rumfa. Ba wanda ya taso. Ya sake kira, ya ƙara da wasa, ya ce ko Baba kunya yake ji. Mutanen da muka zo da su suka fara tafi, su kaɗai. A kira na uku babban ɗan ya miƙe, mutum mai furfura a gemu, ya tako a hankali har gaban dandamali.

"A'a, Baba, ashe da sauran ƙarfinka!" in ji oga, ya rungume shi.

Suka yanke ƙyallen tare. Daga ɗan har mutanen ƙauyen, ba wanda ya gyara wa oga. Aka tada injin, aka ɗauki hoto, yayyafi ya fara, manya suka ruga motoci. Ban sani ba ko an taɓa gaya wa oga, ni dai bai taɓa tada mini maganar ba.

Na ce wa direban bas ya jira ni. Na zagaya bayan danga da kwafin da ya rage a jakata. Inna tana zaune a tabarma, 'yar tsohuwa siririya, mata biyu a gefenta suna tattara kwanuka saboda ruwa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, na ce ni ce ta ofis. Na fara bayani, wai akwai gyaran da aka yi bai iso ba, na ji bakina yana faɗin folda da intanet a gaban matar da ke takaba, sai na bar maganar. Na miƙa takardar, ɗaya daga cikin matan ta karɓa ta sa a ƙarƙashin tabarma kada ta jiƙe.

"Ke ce 'yar tasa," in ji Inna. "Yana maganarki. Ba komai, 'yar nan, kada ki damu kanki."

Ta gyara mayafinta, ta dubi gefen tabarmar da ba kowa.

"Ni ma da aka yi kiran farko, juyawa na yi in ce masa, Malam, tashi mana, kai ake kira."