Inda Aka Kai Yaya

A layin masu gyaran kujeru, bayan tashar mota, akwai wani kafinta da kowa ke kira Ba-Komai. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. A ari zartonsa a dawo da shi da karyayyun haƙora, ya ce ba komai. Mota ta watsa masa ruwan kwata a farar riga, ya ce ba komai. Matarsa kan ce ko rufin ɗaki aka yaye yana ciki, ɗaga kai zai yi ya ce an samu iska.

Yayarsa ce ta raine shi. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, ita kuwa da keken ɗinkinta ta ciyar da shi, ta kai shi koyon sana'a, ta tsaya tsayin daka har ya yi iyali. Ba ta taɓa haihuwa ba, shi ne ɗanta. Har furfura ta fito masa, in ta leƙo shago sai ta kama wuyan rigarsa ta ce, "Kai har yau ba ka iya sa maɓalli daidai ba?"

Ciwon ƙoda ya kwantar da ita a babban asibiti, ta cika da rana tsaka yana riƙe da hannunta. Aka ce sai likita ya sa hannu kafin a ba da ita, aka kai ta ɗakin ajiye gawa. Washegari ya dawo da mota da 'yan'uwa. Ma'aikacin ɗakin ya jawo gadon ƙarfe, ya yaye mayafi. Ba-Komai ya duba, ya sake dubawa. Wata dattijuwa ce doguwa, mai tabo a goshi.

"Wannan ba Yaya ba ce."

"Ga sunanta nan a ɗaure a ƙafa."

"Na ga suna. Amma ba ita ba ce."

Aka yi ta wasan ƙwallo da shi daga ofis zuwa ofis, har ya tsinci kansa gaban wani jami'i mai ƙaton tebur. Jami'in ya ce an samu ɗan kuskure: wasu sun ɗauki Yaya tun jiya a matsayin tasu, sun riga sun binne.

"Su wane ne? A ina suka kai ta?"

"Ba ma ba da bayanin wasu. Malam, haƙuri za ka yi, ƙasa duk ɗaya ce. Wannan ma baiwar Allah ce, ku ɗauke ta ku rufa wa kowa asiri."

Ba-Komai ya ji kalmar da ya saba faɗa ta taso masa har maƙogwaro, ta tsaya nan ta ƙi fita. Ya miƙe ya ce, "Ba zan ɗauki uwar wani in binne a ɓoye ba."

A gida, kawunsu ya ce a bar wa Allah. "Ina ƙwai ina faɗa da dutse? Kai da ko akuya ba ka iya kora, kai ne za ka ja da asibiti?"  Da gari ya waye matarsa ta goge masa rigarsa mai kyau, ta ce, "Akwai ofishin lauyoyi a saman kantin magani, suna taimakon marasa ƙarfi. Tashi ka je."

Lauyar da ya tarar wata mace ce mai maganar gaggawa. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, karɓar gawar ɗan'uwa haƙƙin dangi ne, ba alfarma ba. Abin da suka yi sakaci ne, kuma kotu na sauraron irinsa. Amma kafin komai, matar nan da ke kwance can. In muka yi sanya, za su binne ta a matsayin marar kowa, magana ta mutu. Sai mun nemi alƙali ya hana a taɓa ta."

"A hana," in ji shi. "Ita ma tana da nata."

Aka samu umarnin. Daga nan fa aka shiga dogon zama. Yau lauyan asibiti ba shi da lafiya, gobe alƙali ya tafi taro. Ba-Komai ya riƙa rufe shago yana zuwa ya zauna a bencin kotu, wani benci mai gurguwar ƙafa da kullum hannunsa ke ƙaiƙayin gyarawa. Masu ba shi aiki suka fara komawa wajen maƙwabcinsa. Sau biyu asibiti na aiko masa da mutum a sasanta a waje. Ya ce, "Ku gaya mini inda Yaya take, sai mu yi magana." Suka ƙi, shi ma ya ƙi.

Ranar da aka kira ma'aikacin ɗakin gawa, mutumin ya tsaya yana zufa ya faɗi gaskiya. Mata biyu suka rasu a ɗaki ɗaya, shi kaɗai ke bakin aiki, ya ɗaura sunan wannan a ƙafar waccan. Mijin ɗayar da ya zo ɗauka ya kasa kallon fuska, shi kuma bai matsa ba. Alƙali ya umarci asibiti ya faɗi ko wane ne mijin.

Lauya ta ce kotu za ta aika masa. Ba-Komai ya ce a'a, irin wannan magana ba a aike. Suka tafi tare.

Wani tsohon direba ne, suka same shi a ƙofar gida yana wanke mota. Ba-Komai ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi a hankali. Tsohon ya jefar da tsumma.

"Kana nufin duk watannin nan da nake zuwa kabari ina zama, ba wajen matata nake zuwa ba?"

"Wajen Yayata kake zuwa, Baba. Na gode maka. Taka tana nan, ban bari an taɓa ta ba. Doguwa ce, mai tabo a goshi."

Tsohon ya zauna daɓas a kan dakali, ya rufe fuska da hannuwa. Can ya ce, "Murfin tukunya ne ya yi mata tabon." Da ya natsu, shi da kansa ya tuƙa su zuwa maƙabarta, ya nuna wurin. Ashe tsohon ya riƙa share kabarin tas, babu ko ciyawa. Ba-Komai ya tsuguna ya daɗe. Lauya ta ce in yana so, kotu na iya ba da izinin a tone a mayar da ita kusa da iyayensu. Ya girgiza kai. "Ta sha wahala. A bar ta ta huta. Na san inda take, ya ishe ni."

Tsohon direban ya karɓi gawar matarsa, Ba-Komai na cikin waɗanda suka ɗauka. Bayan nan ya shigo shari'ar, suka riƙa zama a benci ɗaya. A ƙarshe alƙali ya ce asibiti ya yi sakaci, ya umarce shi ya nemi afuwar iyalan biyu a fili, ya biya diyya, kuma kada a sake fitar da gawa sai wani na jini ya ga fuska ya tabbatar. Jami'in nan mai ƙaton tebur shi ya karanta neman afuwar, muryarsa ƙasa-ƙasa. Tsohon direba ya ce kunnensa ya yi nauyi, a maimaita. Aka maimaita.

Ba-Komai ya koma shago, aiki ya dawo sannu a hankali. Yanzu a layin, duk wanda wata ma'aikata ta taka, wajensa ake turo shi. Ba ya dogon bayani. Yakan ajiye guduma, ya kakkaɓe garin katako daga jikinsa, ya ce wa maƙwabcinsa, "Duba mini shago," sannan ya juya ga baƙon. "Taso mu je, ofishin lauyoyin ba nisa."