Dutsen Murhun Inna Iyatu

Inna Iyatu maƙwabciyata ce a Zango, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta Hamadu direba ne, ya kawo ta daga Ƙonni tana amarya, ya rasu ya bar ta da kaskon ƙosai da baki mai kaifi. Shekara talatin tana suya a ƙofar gida. A tsakar gidanta akwai zogale guda da kaji biyar, sai jikarta Kausara mai shekara biyu, wadda uwarta Zuhura, 'yar Inna, ke ajiyewa kullum ta tafi ɗinki unguwar Wemtenga.

Yarinyar nan ba wanda ya taɓa zama ya tsara mata abinci. Ƙosan da ya fashe a kasko nata ne. Kaza ta yi ƙwai, nata ne. Inna ta yi kwaɗon zogale, hannunta na ciki. Kumatunta kuwa, tubarkalla.

Sai gwamnati ta tuna da talaka, Allah ya saka mata. Aka buɗe butik, wato shagon masara mai rahusa, buhu ɗaya ga katin shaida ɗaya. Masara kawai, don a ganin manya cikin talaka ba ya gane wake. Layi kuwa tun asuba, kuma ba mutum ke tsayawa ba, dutse ake ajiyewa ya riƙe wa mai shi wuri. Inna ta duba ta rasa dutsen da ba za a yi mata gardama a kansa ba, sai ta cire ɗaya daga cikin duwatsu ukun murhunta, baƙi ƙirin da hayaƙi. Duk layin aka san shi.

Na ce, "Inna, kasko zai zauna kan dutse biyu?"

Ta ce, "Ke Huseina, wake ya yi tsada a kasuwar Sankaryare. In bar arha in zauna shaƙar hayaƙi? Ba ki da wayo."

To, mu marasa wayo muka zuba ido. Mai wayo ta tattara katin 'yarta, da na surukinta, da na wani ƙanen mijinta da ko gaisawa ba sa yi. Buhu ya bi buhu. Kaji suka fara tsattsagar buhuna, aka kai su kasuwa. Ɗaki ya cika, ana son rumfa, zogale ya tsaya a hanya, aka sare shi. Wallahi ranar raina ya ɓaci. Na tsinci reshe ɗaya a bola na kafa bayan ɗakina, tana kallona tana dariya.

Kausara ta shiga daula. Safe koko, rana tuwo, yamma tuwo, da miyar kuka wadda kana ganin gindin kwano ta cikinta. Cikinta ya fito gaba, Inna ta riƙa ɗaga ta tana nuna wa mutane.

"Ku ga tumbi! Jikata ta ƙoshi, ba irin 'ya'yan wasu ba."

Gashinta ya yi ja ya yi laushi, Inna ta ce na kakarta ta wajen uba ta ɗauko, Bafillatana ce. Ta daina gudu tana bin awaki, Inna ta ce hankali ta yi. Zuhura ta yi magana sau ɗaya, aka tambaye ta ko ita ta haifi uwarta.

Ranar awo ni na raka su likita. Madam mai awon ta naɗa wani ɗan zare mai launi a damtsen yarinyar, ya tsaya a kan ja. Ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

Ta ce, "Iya, me take ci?"

Inna ta gyara zama. "Buhu shida gare ni a gida, 'yata."

"Ban tambayi buhu ba. Yarinyar nan yunwa ce ke cinta. Za mu riƙe ta. In kun koma gida, wake, ƙwai, zogale. Kuna da su?"

Inna mai amsa kafin a gama tambaya, ranar sai ta sunkuyar da kai. Ni da na yi wata shida ina jiran ranar da zan ce mata ai na faɗa, sai na ji tausayinta ya kama ni.

Kwana tara suka yi aka sallame su. Washegari da hantsi na ji sallama. Inna ce, da ƙwarya a hannu, idonta a ƙasa.

"Huseina, ɗan ganyen nan naki."

Na ce, "Naki ne, Inna. Ajiya kika ba bola, ni kuma na karɓa."

Ko harara ba ta yi mini ba. Ta tsinka ta fita. Can na leƙa ta katanga, na ga dutsen nan baƙi ya koma wurinsa, kasko na bisa, mai na ƙara. Ta tsamo ƙosai na farko, lafiyayye wanda bai fashe ba, ta hura ta miƙa wa Kausara. Yarinyar ta juya shi a hannu tana kallo, ta ɗago ta ce, "Inna, mene ne?"

Inna ta goge ido da bakin zane, ta ce itacen ne ɗanye.