Takardar POS a Haɓar Zanin Iya Mai Waina

Ina miƙa mata katin banki, sai Iya mai waina ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona.

Tun ina ɗan makaranta take suya a tashar motocin Kuyello. Jiya 'yarta ta kawo mata na'urar POS ta koya mata dannawa, saboda mutane sun daina yawo da kuɗi. Yau da safe kuma ni na fara zuwa, aljihuna wayam.

Ta ce, "Ɗan nan, ba ka da ko naira hamsin? Kuɗin cinikin farko sai na riƙe shi a hannu, na yi bisimilla, na ƙulle a haɓar zani. Haka uwata ta koya mini. Yanzu me zan ƙulle?"

Na ce, "Iya, ko in je in nemo?"

"Wa ya taɓa korar mai cinikin farko? Sa katinka."

Na sa. Na'urar ta yi 'yar ƙara, ta turo takarda. Iya ta yage ta, ta jujjuya, ta yi bisimilla, ta ninke, ta ƙulle a haɓar zaninta tamau. Sannan ta jefa mini ƙarin waina biyu.

"Ga gyara. Ita na'urar ba a koya mata wannan ba."

Zamani ya iso tasharmu, amma sai da ya bi ta haɓar zanin Iya. Ku fa, yaya masu abincin unguwarku suka karɓe shi?