Hancin Sammani Mai Shela

A Darini, zamanin da Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato, in mai gari yana da magana da talakawansa, ta bakin Sammani take bi. Shi ne mai shela. Ubansa ya yi, kakansa ya yi, har ana cewa a gidansu jariri in ya tsala kuka sai an ji a bakin rijiya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, gonarsa ba ta taka kara ta karya ba, ko jaki ba shi da shi. Muryar nan ita ce dukiyarsa. In ya hau tudun bakin kasuwa ya dafe kunne ya ce, "Jama'a, mai gari na gaishe ku!" sai mata su tsaya da taɓarya a sama.

Yana tsakiyar ƙarfinsa hanci ya sa shi gaba. Da fari an ɗauka mura ce. To amma mura baƙuwa ce, takan kwana biyu ta wuce, wannan kuwa ta zo da tabarmarta. Kullum safiya sai ya jera atishawa har masu ce masa "yarhamukallahu" su gaji su bar shi da Allah. Ido ya yi ja, hanci na zuba, can kuma ya toshe kamar an cusa masa auduga. Matarsa Uwani ta dafa masa citta da kanumfari da masoro. Ya yi surace da ganyen sabara, ya ɗiga man shanu a hanci, wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya, ya sha rubutu. Kowanne sai ya yi kamar zai yi, gari na wayewa a koma gidan jiya.

Ciwon bai dame shi kamar abin da ya yi wa harshensa ba. Mai toshewar hanci in ya nufi "ma" sai "ba" ta fito, in ya nufi "na" sai "da". Yara suka koma kiransa Sabbadi, don haka yake faɗin sunan kansa.

Ranar da abin ya kai maƙura, suna ake yi a gidan ƙanen mai gari. Liman ya yi addu'a ya raɗa suna, saura mai shela ya ɗaga murya matan cikin gida su ji. Sammani ya cika ƙirji ya saki:

"Sudad yaridya Abida!"

Guɗa ta tashi a cikin gida. Kafin liman ya ce "Amina na ce, Amina!" tsofaffi sun ɗauki jaririya suna juyi suna Abida, Abida. Uban yarinya, wanda sunan mahaifiyarsa ya mayar, ya tashi ya bar zauren.

Da yamma mai gari ya kira Sammani. "Ka huta tukuna, ka nemi magani. Haliru ya riƙa maka."

Haliru taubashinsa ne, ɗan goggonsa, dogo mai murya garau, mai tsokanar tsiya. Tun suna yara ba sa haɗuwa bai ja shi da wasa ba, kuma ba mai hana taubashi wasa. Amma a hanyar komawa gida Sammani ya fara ɗinka zance. Wa ya ba shi goro a bikin kaka, shekarar da ciwon ya fara? Haliru. Wa ya taɓa aron rawaninsa ya kwana da shi? Haliru. Wa ya fi kowa dariya a wurin sunan nan? Da ya isa gida ya zayyana wa Uwani duka.

"Malam, kowa fa ya yi dariya," in ji Uwani. "Har liman sai da ya rufe baki da hannun riga."

"Tasa dabad ce."

"Daban da mi?"

"Ke ba ki sad kobai ba."

Ya dube ta ta wutsiyar ido. Ita ma, ya tuna, kakarta da kakar Haliru 'yan ɗaki ɗaya ne. Daga ranar ya daina cin tuwo sai ta fara kai loma. Ya daina karɓar goro a hannun kowa. In ya yi aski sai ya tattara gashin ya binne da kansa, in ya fyace hanci sai ya bi da ƙafa ya turbuɗe, kada wani ya ɗiba. In ya jiyo Haliru a kan tudu yana "mai gari na gaishe ku," sai ya shige ɗaki ya saki asabari, atishawa ta ce bisimilla.

Da abin ya ishe shi ya ɗauki sanda ya nufi Zakka, wurin wani malami da aka ce yana karya sammu. Ya iske malamin ya yi tafiya. Ya ce zai jira. Bazara ce, ana zafi, sai ya riƙa kwana a rumfar ƙofar gidan, iska na kaɗa shi ta ko'ina. Bai sha komai ba, bai shafa komai ba. Wata safiya yana alwala ya shaƙa ruwa, ya ji ya wuce har ƙwaƙwalwa. Ya ji ƙamshin ƙosai daga wani gida, abin da ya manta da shi a duniya. A hankali, kamar mai taka ƙaya, ya ce, "Sammani." Ya sake cewa, "Amina. Mamman. Nana." Bai ƙara jiran malami ba, ya kamo hanya yana kiran sunayen mutane har Darini.

Bai yi kwanan kirki a ɗakinsa ba hanci ya koma ya rufe.

Wani zai yi baƙin ciki. Sammani murmushi ya yi, irin na maharbin da ya ga sawu.

"A ɗakid dad yake," ya ce wa Uwani. "Ad bidde shi."

Ya fitar da gado da tukwane, ya ɗauko sungumi ya farfasa daɓen da ta sha wahalar yi. Ya tona bakin ƙofa, ya tona gindin bango. Ba laya, ba ƙaho, ba ƙwarya. Ya tsaya yana haki, sai ya ɗaga kai sama.

Ɗakin na ubansa ne, kuma tun rasuwar tsohon bai yarda an kware jinkar ba, wai hannun baba ne ya ɗaura ta. Kowace shekara sai dai a ɗora sabuwar ciyawa bisa tsohuwa. Ranar nan da kansa ya hau ya yanke igiya. Ta sama fes take. Ta ƙasa kuwa ta yi baƙi ƙirin, ta ruɓe ta dunƙule, fumfuna ta yi mata fari-fari, ga kashin ɓera ga na jemage. Wani gari-gari ya tashi ya turnuƙe shi, ya yi ta atishawa har ya kusa faɗowa.

Maƙwabta suka taru. Haliru ma ya zo, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Taubashi, in aljanun ne ka kama, ka rage mani ɗaya ya riƙa yi mani noma!"

"Batsa daga dad!"

"Ni ban yi batsa ba, jama'a shaida ne."

Aka kwashe da dariya. Uwani ta toshe hanci da gefen zane ta ce, "Shekara nawa ina ce maka ɗakin nan warin ruɓa yake? Ka ce kai ba ka ji. Da wane hancin za ka ji?"

Bai kula ta ba. Ya bi ciyawar nan tsinke-tsinke yana neman laya, bai samu ba, ya tara ta bayan gari ya cinna mata wuta. Kafin a yanko sabuwa a yi baibaya, a tsakar gida ya riƙa kwana. Hanci ya buɗe. Aka gama ɗaki ya koma ciki, hanci bai rufe ba.

Ya sa rawani ya tafi ƙofar mai gari, ya faɗi ya yi gaisuwa. Haliru na zaune a gefe.

"Ranka ya daɗe, na zo karɓar aikin gidanmu."

Mai gari ya dube shi. "Ce: Malam Mamman na neman manoma."

Sammani ya miƙe ya dafe kunne ya faɗa, har tantabaru suka tashi daga kan zaure, wani Malam Mamman na ƙarshen gari kuma ya aiko yana tambayar wa ya ce yana neman manoma.

"Alhamdu lillahi!" in ji Haliru. "Karɓi kayanka, taubashi. Maƙogwarona ya ƙone, gonata ta zama daji. Wallahi ko da goron sarauta aka haɗa ni da aikin nan na yafe."

Mai gari ya mayar masa da shela. Sammani ya yi godiya, ya fito yana jinjina kai.

"Kin ga yadda ya saki da sauri?" ya ce wa Uwani a gida. "Mai gaskiya ai sai ya ɗan ja. Ya san abin nasa ya ƙone."

"To ka ga layar?"

"Wadda aka yi da gwaninta ai ba ta ganuwa."

Ya yi shela a Darini har haƙoransa suka zube. Hancin kan ɗan motsa lokacin sussuka, ya yi surace ya wuce, amma bai sake rufewa irin na da ba. Sai dai kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, Sammani kan kware jinkar ɗakinsa kaf, ya bincike ta tsinke-tsinke, ya ƙone, ya sa sabuwa, don kada a sake sa masa wani abu. Ba ya yarda kowa ya taya shi. Haliru kan zo ya zauna can nesa a gindin tsamiya, inda aka yi masa iyaka, ya riƙa ɗaga murya:

"An samu, taubashi?"

"Bana ba ka sa ba," in ji Sammani daga sama. "Ka san ina dubawa."