Atika Mai Sansana Jarka

A Hawata, bakin kogin Rahad, kowa ya san Atika matar Gado da ɗabi'a ɗaya: ba a kawo mata ruwa ta sha sai ta fara kai hanci bakin jarkar. Mata na yi mata dariya, ita kuwa ko a jikinta.

Da can ba haka take ba. Mai yin kisra ce, mai sakin fuska, kakanninta sun taso daga Katsina da niyyar Hajji suka yada zango nan. Gado kuma feshin maganin ƙwari yake yi a manyan gonakin riɗi. 'Yarsu Iman ce ta sauya ta. Yarinyar ta kai shekara huɗu ba ta ce "mama" ba, ba ta kallon idon mutum, sai dai ta zauna tana juya murfin tukunya har rana ta karkata.

Atika ta fara zargin maƙwabciya da kambun baka, ta daina gaishe ta. Daga nan ta zargi dangin Gado. An yi rubutu, an yi turare, shiru.

Da yaƙin Sudan ya koro mutanen birnin Madani, wata likitar yara mai suna Safaa ta sauka a unguwar. Ta zauna ta daɗe tana kallon Iman, sannan ta ce wannan shi ake kira tawahhud da Larabci, wata lalura da ke hana yaro magana da cuɗanya da mutane. Sai ta shiga tambaya: me Atika ta ci da tana da ciki, a ina take ɗiban ruwa, wa ke wanke kayan aikin Gado.

Atika ta ɗaure fuska. "Diktora, laifin kike son ɗora mini?"

"Ba laifinki ba ne, ya ukhti," in ji Safaa. "Yawanci gado ne. Amma abin da yaro ya gada kamar fitilu ne a gida, wasu a kunne, wasu a kashe. Masu bincike na zaton abincin uwa, ko gubar da ta shaƙa, na iya taɓa makunnin."

"To ga 'yata, wanne ne ya taɓa makunnin?"

"Wallahi ban sani ba. Babu mai iya ce miki ga shi."

Amsar ba ta gamsar da Atika ba, ta ma fara tunanin ko akwai abin da likitar ke ɓoyewa. Amma da ta koma gida sai idonta ya faɗa kan shuɗiyar jarkar da Gado ya kawo daga gona tun tana amarya. Maganin feshi aka zuba a cikinta da farko, ita da kanta ta wanke ta da omo ta mai da ta ta ruwan sha. Ta ɗauko wuƙa ta huda gindinta.

"Garin nan kowa da irinta yake sha," Gado ya ce, "'ya'yansu kuma suna magana."

"Na ji. Kayan feshinka dai daga yau a waje za ka tuɓe su."

Ya yi ƙunƙuni, amma ya bi.

Bana Atika ta sake samun ciki. Tana shan ƙwayoyin da Safaa ta rubuta mata, bayan ta kai su wani kemis a Gadarif ya tabbatar mata na masu ciki ne. Da lokacin feshi ya matso, ta ɗauki Iman suka tafi Basunda wurin yayarta Tasalla. A can ne wata rana Iman ta kama hannun uwar, ta ja ta har gaban faifan kisra, ta ɗora tafin Atika a kai. Atika ta yago mata, ta zauna a ƙasa kusa da ita har ta cinye.